Kilomita Biyar a Hanyar Magarya

Ranar kasuwar Dungas ce, da hantsi. Ƴan kabu-kabu sun jera motocinsu, wato baburan haya, a inuwar darbejiya suna kiran fasinja, sai ga wata budurwa doguwa, siririya, ta tsaya a gabansu. Hijabinta ruwan toka ne, takalmin ƙafarta na gudu, ya sha ɗinki har ya gaji.

"Sannunku da aiki," ta ce. "Don Allah a cikinku wane ne kontar ɗin motonsa ke aiki? Wanda ke ƙirga kilomita nake nufi."

Suka kwashe da dariya. Wani ya ce allurar tasa ta mutu tun kafin ya yi aure. Wani ya ce shi da ciwon baya yake gane nisan tafiya.

Hafizu ne kaɗai bai yi dariya ba. Ɗan Yekuwa ne, shekarunsa ashirin da huɗu. Da damina yana noma gonar mahaifiyarsa, da rani yana kabu-kabu, kuma da hannunsa yake gyara motonsa, ba ya barin ko ƙusa ɗaya ta yi sako-sako.

"Nawa yana aiki," ya ce. "Ina za a kai ki?"

"Ba ɗaukata za ka yi ba. Daga bakin gari, hanyar Magarya, akwai wata kuka mai reshe biyu a hannun dama. Ka auna mini nisanta. An ce mini kilomita biyar ce."

Ya tafi, ya dawo, ya same ta tsaye inda ya bar ta.

"Huɗu da mita ɗari shida."

Fuskarta ta sauya. "Ba zai yiwu ba."

"Sau biyu na auna, zuwa da dawowa."

Wata shida ke nan tana gudu zuwa kukar nan kowace safiya, tana duba agogo, tana murna da lokacin da take yi. Ashe mita ɗari huɗu take ci wa kanta.

"Biyar ɗin tana wajen wani gawo, gaba da kukar kaɗan," in ji Hafizu. "Na ɗaura masa jan tsumma, ba za ki ɓata ba."

Ta ɗago ta dube shi sosai a karon farko. Ta miƙa masa kuɗin aikinsa, ya ƙi karɓa.

"To me kake so?"

"In san sunanki. Kuma in ga gudun da idona."

"Kausar," ta ce, murmushi na neman ƙwace mata. "Babana ne ke bi na a keke. In ba ka tsoron tsohon ɗan kokawa, ka zo bayan sallar asuba."

Ya zo.

Ɗan Azumi, mahaifin Kausar, ya taɓa kayar da maza a filayen Damagaram kafin kafaɗarsa ta goce a wani karo, ya dawo gida ya kama noman gero da gyaɗa. Bai haifi ɗa namiji ba. Ranar da ya ga Kausar tana ƴar shekara tara ta kamo akuyar da ta tsinke igiya, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun daga nan yake bin ta a keke, sai dai yanzu keken ya daina cim mata.

Ya ƙare wa Hafizu kallo daga sama har ƙasa, sannan ya jingine keken a katanga ya haye bayan moton.

"Ja mu je, yaro. Kar ka wuce ta, kar ka bari ta wuce ka."

Haka suka zama su uku kowace safiya: Hafizu a gaba yana riƙe mata taki, Ɗan Azumi a bayansa da portabul, wato wayar hannu, yana duba mintoci yana ihu, Kausar tana biye. Daga nan ta yi wanka ta wuce lise, babbar sakandare, don ajin ƙarshe take, jarrabawar bak ta gama makaranta na jiran ta.

Sati uku aka yi kafin Hafizu ya samu ƙarfin halin tura mata saƙo.

"Walƙiya, yau kin rage sakan goma sha ɗaya. Baba ya kusa faɗowa daga moto don murna. Ni kuma na kusa shiga rami don kallonki a madubi."

Amsa ta zo bayan la'asar.

"Mai agogo, ka riƙa kallon hanya. In ka kayar mini da uba ba ni ba kai. Amma na gode da ka lura da sakan goma sha ɗayan."

A watan Afrilu aka yi gasar jiha a Damagaram. Kausar ta zo ta ɗaya a mita dubu biyar, ta bar ta biyu da rabin zagaye. Wani mai horarwa daga Yamai, Mushe Gidaɗo, wato Malam Gidaɗo a bakin ƴan boko, ya nemi mahaifinta ya karɓi lambarsa. A watan Yuli sakamakon bak ya fito, ta ci tun zagayen farko. A watan Agusta kuma takardu biyu suka iso gidan cikin sati ɗaya.

Ta farko daga jami'ar Damagaram: an ba ta gurbi a sashen ilimin halittu, har da burs, wato kuɗin tallafin karatu. Ta biyu daga Mushe Gidaɗo: ana gayyatar ta sansanin horo a Yamai na shekara biyu, gudu safe da yamma, ci da kwana a wuyansu. Duka biyun a watan Oktoba za a fara. Wanda bai yi rajista a jami'a bana ba, burs ɗinsa ya wuce ga wani. Sansanin kuma ba ya ɗaukar mai rabin lokaci.

Madam Balkisu, mahaifiyar Kausar, shekara ashirin da biyu tana koyarwa a lakwal ɗin firamare. Ta ɗauki takardar jami'a ta rungume a ƙirji.

"Wannan ita ce takarda. Waccan wasa ce."

"Wasa?" in ji Ɗan Azumi. "Yarinyar da za ta ɗaga tutar ƙasa?"

"Malam, dubi kafaɗarka sannan ka yi mini maganar tuta."

Kausar ta tashi ta shige ɗaki.

Ana cikin wannan ne kawun Hafizu ya zo daga Yekuwa da goro, neman izini yaronsu ya fara zuwa zance. Aka karɓe shi da mutunci, aka sallame shi ba amsa. Iyayen biyu duk ba su so, kowa da dalilinsa. Ɗan Azumi ya ce yaron kirki ne, amma aure turke ne, zai ɗaure masa ƴa a Yekuwa tana daka. Madam Balkisu ta ce shi ne ma ya zuga ta, da bai zo da motonsa ba da gudun ya mutu tare da keken. Ita akwai wanda take so: Mansur, ɗan ƙawarta, ɗalibin shari'a a shekara ta uku a Damagaram, mai fara'a da tsabtar riga, wanda ya riga ya yi alkawarin nema wa Kausar ɗaki a gidan ɗalibai mata.

Can Yekuwa ma Inna Shatu, mahaifiyar Hafizu, ba ta yi na'am ba.

"Macen da ke tsere wa moto? In ta yi yaji wa zai kamo ta?"

"Inna, ai moton nawa ne, na san inda ake ƙara masa wuta."

Ta jefe shi da mafici tana ɓoye dariya, amma ba ta ce ta yarda ba.

Wata ranar Laraba Madam Balkisu ta tsayar da Hafizu a bakin lakwal ta ce ya kai ta gida. Da suka iso ba ta shiga ba, ta tsaya a ƙofar zaure.

"Hafizu, na san tana jin maganarka. Ka sa ta zaɓi jami'a. In ka yi haka, ni da kaina zan shawo kan mahaifinta a ba ka ita."

Mansur na zaune a cikin zauren, ya zo gaisuwa. Iyakar abin da ya ji ke nan, don sai aka kira shi a waya ya fita ta ƙofar baya. Da yamma da ya samu Kausar, ya faɗa mata, kuma har ga Allah ya ɗauka gaskiya yake faɗa.

"Ni ban ɓoye miki ra'ayina ba, karatu nake so ki yi. Amma shi mai moton naki ciniki ya ƙulla da Mama. Da kunnena na ji."

Kausar ta buɗe portabul ɗinta, sai ga saƙon da Hafizu ya turo da azahar.

"Walƙiyata, yau na kai wani fasinja har tashar motocin Damagaram. Ashe garin ba nisa, in mutum ya yi sammako zai je ya dawo a yini. Ina ta tunaninki."

Jiya da ta ga irin wannan da ta yi murmushi. Yau sai ta karanta shi sau uku, kowane karo yana ƙara yi mata ɗaci. Ta rubuta:

"Ashe har an fara aikin. Na ɗauka kai kaɗai ne ba ka da igiyar da kake ja na da ita. Gobe kar ka zo, keken Baba ya ishe ni."

Ya kira sau bakwai, ba ta ɗauka ba. Ya turo:

"Ban san abin da aka gaya miki ba. Ban ƙulla komai da kowa ba. Ba zan zo ba tunda kin ce, amma ki sha ruwa kafin ki fita, zafi ya ƙaru."

Kwana tara tana gudu ita kaɗai, Ɗan Azumi na can baya yana haki a keke. Lokacinta ya lalace. Abinci ma sai ta tsakura ta ture. Hafizu kuwa ya koma Yekuwa ya duƙufa a gona, geron ya fara fitar da kai, yana yini a ciki ba ya magana da kowa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, iyayen suka sake kaurewa da gardama a tsakar gida. Kausar na tankaɗe a gindin rumbu, tana ji.

"Duk laifin yaron nan ne," in ji Madam Balkisu. "Mai taurin kai. Na ce masa ya lallashe ta ta je jami'a in ba shi ita, ya dube ni ya ce wai, Mama, ki yi haƙuri, ƙafarta ce kuma kanta ne, ba zan sayi aure da rayuwarta ba."

Ɗan Azumi ya ajiye butar da ke hannunsa.

"Ke ma kin je masa?"

"Kamar ya ni ma?"

Tsohon ɗan kokawar ya sosa ƙeya. "Ni ma na same shi a tasha. Na ce ya ƙarfafa mata gwiwa ta tafi Yamai, in ta dawo tasa ce. Amsar da ya ba ki ita ya ba ni. Har da cewa in ta zaɓi karatu shi zai kai ta rajista."

Suka tsaya suna kallon juna. Madam Balkisu ce ta fara dariya, ta rufe baki da gefen mayafi, sai shi ma ya fashe. Da suka waiga, Kausar ta ajiye rariya, hawaye na zuba kan garin da take tankaɗewa.

Ta shiga ɗaki ta rubuta:

"Mai agogo, na zalunce ka. Na ji komai daga bakinsu. Ka yafe mini."

Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo.

"Na yafe tun ranar. Moto na da mai. Gobe da asuba?"

Washegari bayan ta kammala gudun, Ɗan Azumi ya ce zai duba gonar wani abokinsa a gefen hanya, ya matsa nesa kaɗan inda yana ganinsu amma ba ya jin su. Kausar ta zauna a kan wani kututture tana mayar da numfashi.

"Yanzu ni nake tambayarka, ba su ba," ta ce. "Me kake so in yi?"

"In don son raina ne, Damagaram. Kusa ce, zan riƙa ganinki duk sati." Ya dube ta. "Amma wata takwas ina kallon fuskarki a madubi. In kina gudu wata iri ce, ban taɓa ganinta haka a wani wuri ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Sauran naki ne."

"In na tafi Yamai fa?"

"Yayan abokina na da garejin moto a can, ya daɗe yana nemana. Sai mun cire amfanin gona, in samu wanda zai kula da Inna, sannan in biyo ki. Ba da wuri ba, amma zan zo."

"Za ka bar gonar?"

"Zan bar ta da rani. Damina kuwa ko ke ba ki isa ki hana ni dawowa ba."

Ta yi dariya, ta share fuska da gefen hijabi.

Da yammar ranar ta samu iyayenta tare, ta durƙusa a gabansu.

"Baba, Mama, na yi istihara, na yi tunani. Yamai zan tafi." Ta juya ga mahaifiyarta. "Mama, na san burs ɗin zai wuce ni, kuma na san abin da wannan ke nufi a gidan nan. Na tambaya, an ce bak ɗina ba ya lalacewa, ko bayan shekara biyu zan iya neman gurbi. Ƙafa kuwa ba ta jira. In ban gwada yanzu ba, zan zauna a aji ina jin haushin littafin da ke gabana. Ba na so in tsani karatu, ke kika koya mini son sa."

Madam Balkisu ta tashi ta shiga kicin. Kwana huɗu ba ta yi wa ƴarta magana ba in ban da amsa gaisuwa. Ranar tafiya dai ita ta haɗa mata jaka, ta cusa mata ƙuli-ƙuli da yaji da garin danwake, amma ba ta raka ta tasha ba.

Watannin farko a Yamai sun yi wa Kausar wuya. A Dungas ita ce gaba, a can ta tarar da mata biyar da suka fi ta. Sau biyu ta yi kuka a waya, Hafizu na saurare har ta gama, sannan ya tambaye ta mintocin ranar. Ya iso a watan Janairu, bayan ƙanwarsa da mijinta sun koma kusa da Inna Shatu. Ya kama aiki a garejin, yana kwana a shagon. Ranar Lahadi kawai yake ganinta, a falon baƙi na sansanin, mai kula da ɗakin mata na zaune tana saƙa.

Mansur ya turo saƙo sau ɗaya ya ba ta haƙuri, ya ce rabin magana ya ji. Ta amsa masa da alheri.

Gasar ƙasa ta zo ranar wata Asabar a watan Yuni. Hafizu ya samu wuri a bakin fili ya kira Ɗan Azumi, shi kuma ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a tabarma a tsakar gida, maƙwabta suka kewaye. Madam Balkisu na gefe tana gyaran wake, ta ba su baya.

"Baba, saura zagaye uku, tana ta biyar. Ta wuce ɗaya! Ta huɗu. Saura biyu. Ga ta nan, ga ta nan, ta kama ta ukun, sun jera..."

Tiren wake ya kife. Madam Balkisu ta ture mijinta ta fizge wayar.

"Ki wuce ta! Kausar, ki wuce ta mana! Hafizu, gaya mata uwarta ta ce ta wuce ta!"

Kausar ta zo ta biyu, aka sa sunanta cikin waɗanda za su wakilci ƙasa. Madam Balkisu ta zauna a ƙasa cikin waken da ya watse, tana dariya tana kuka, kaji na ta tsince shi ba wanda ya kore su.

Bayan kaka aka sa ranar aure. Inna Shatu da kanta ta zo ganin amarya a amalanke, ta kama hannunta ta jujjuya, ta ce ƴar nan ƙashi ne zalla, sai ta zo Yekuwa ta sha fura ta yi kumari. Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Ɗan Azumi ranar Asabar da hantsi. Ƴan kabu-kabun Dungas suka cika layin da ƙarar hon, tsofaffin abokan kokawar uban amarya suka zo daga Sassumbrum da makaɗinsu, Mushe Gidaɗo ya turo gaisuwa tare da gargaɗin cewa hutun amarya kwana goma ne.

Da la'asar, kafin a fita da amarya, Madam Balkisu ta sallami mata daga ɗakin, ta kira Hafizu ya durƙusa a bakin ƙofa, Kausar na zaune a gefen gado cikin lulluɓi.

"Hafizu, na so in saye ka, ka ƙi sayuwa. Shi ya sa yau nake ba ka ita da zuciya ɗaya." Ta juya ga ƴarta. "Ke kuma, har yanzu ina son ganinki a jami'a, kuma ba zan daina faɗa ba."

"Zan je, Mama. Na yi miki alkawari."

"Na sani. Ban taɓa jin kin ce za ki kai wuri kin kasa kaiwa ba."

Ta ɗora hannu ɗaya a kan ƴarta, ta miƙa ɗayan wajen surukinta.

"Allah ya yi muku albarka. Ya tsare ƙafarki, ya tsare hanyarsa, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ku tashi ku je, mutane na jira."

"Amin, Mama," suka ce tare.

A waje guɗa ta tashi. Hafizu ya matsa gefe don mata su shigo su ɗauki amarya, Kausar ta ɗaga gefen lulluɓinta kaɗan ta dube shi, ya ga tana dariya.